Harajin Mota: Girman Inji Ya Daina Zama Ma'aunin Hayaƙi

A ranar 1 ga Fabrairun 2024 Ghana ta fara karɓar wani sabon haraji da aka raɗa wa suna harajin hayaƙi. Mai babur ko keke mai ƙafa uku zai biya sidi 75 a shekara, mai motar da injinta bai wuce cc 3000 ba sidi 150, wanda tasa ta wuce haka kuma sidi 300. Sunan harajin yana maganar iskar da mota ke fitarwa, amma babu inda aka auna iskar. Abin da aka duba shi ne girman injin da ke rubuce a takardar mota. Direban tasin da ke yini yana zagaye Kumasi da ma'aikacin da ba ya fito da motarsa sai ƙarshen mako, kuɗi ɗaya suka biya. Gwamnatin John Mahama ta soke harajin a 2025.

Najeriya ma ta taɓa gwada irinsa. A ƙarshen mulkin Buhari, a 2023, an sanar da ƙarin kashi 2 cikin 100 a kan motocin da ake shigowa da su masu inji daga cc 2000 zuwa 3999, da kashi 4 a kan masu cc 4000 zuwa sama, duk da sunan kare muhalli. Tinubu ya dakatar da shi a watan Yulin shekarar. Gwamnati dai ba ta cika mantawa da ƙofar da ta taɓa hango kuɗi a bayanta ba, don haka duk mai shirin sayen mota yana da dalilin sanin wace lamba ya kamata a ɗora wa haraji, girman inji ko yawan iskar kabon da motar ke fitarwa.

Amsar a taƙaice ita ce lambar kabon ta fi, nesa ba kusa ba. Sai dai ƙasashen da suka riga kowa komawa kanta sun sha wahalar da bai kamata wani ya sake sha ba.

Abin da cc ke aunawa

Lambar cc faɗin cikin silindojin inji ce: yawan iskar da fistoci za su iya zuƙa idan kowannensu ya sauko daga sama zuwa ƙasa sau ɗaya. Cc 1000 lita ɗaya ke nan, shi ya sa ake cewa inji mai lita 1.8 ko 2.4. Shekaru arba'in da suka wuce wannan lamba tana faɗin gaskiya gwargwado, domin babban inji yana zuƙar iska da yawa, iska mai yawa kuma tana buƙatar mai da yawa.

Turbo ya rushe wannan lissafin. Na'ura ce da iskar salansa ke juyawa, ita kuma tana cusa ƙarin iska cikin silinda da ƙarfi, sai ƙaramin inji ya ƙona man da a da sai babba ke iya ƙonawa. Mercedes-AMG A45 S injinta cc 1991 ne, amma ƙarfinta ya haura doki 400, tana kuma fitar da kusan giram 200 na kabon a kowace kilomita. Toyota Camry mai haɗa fetur da batiri injinta cc 2487, kabon ɗinta kuwa bai fi giram 120 da ɗoriya ba. A tsarin da Najeriya ta zana a 2023, idan cc kaɗai aka bi, Camry ce za ta biya harajin muhalli, AMG ta wuce kyauta. Masu bibiyar wayoyi sun san irin wannan kuskuren: kamar a yanke hukuncin kyan kyamara da yawan megafiksel ne, a manta da girman firikwensin da manhajar da ke gyara hoton.

Masu kare tsarin cc suna da hujja ɗaya mai ƙarfi, cewa lamba ce da ba a iya ɓoyewa, kowane jami'i zai iya karantawa, kuma manyan injuna na masu kuɗi ne. Rabin farko gaskiya ne a ƙasar da ba a canza wa mota inji. A kasuwannin 'yan gwangwan da garejojin Kano ko Kaduna kuwa, sauke inji a ɗora wani aikin yini ɗaya ne, takarda kuma tana nan da tsohuwar lambarta. Rabi na biyu ya daɗe da tsufa. Toyota Sienna da ke jigilar fasinja tsakanin jihohi injinta lita 3.3 ne ko 3.5. Tsohuwar Mercedes C300 ta kusan 2010 tana da inji mai silinda shida da ya kai lita 3, wadda ta gaje ta daga 2015 kuma, mai tsada ninkin-ba-ninkin, cc 1991 ce da turbo. Harajin da ya fara daga cc 2000 zai kama direban Sienna da mai tsohuwar C300, ya bar mai sabuwar. Idan masu hali ake son kamawa, farashin motar ya fi girman injinta nuna su.

Kuma kamfanonin ƙera motoci sun daɗe da ƙwarewa a zagaye irin wannan layin. Birtaniya ta yi shekaru tana lissafa harajin mota da faɗin bakin silinda da yawansu, ba ta kula da zurfinsu, sai injiniyoyin ƙasar suka dinga ƙera injuna masu silinda siriri mai zurfi don a biya kaɗan, har aka yi watsi da tsarin bayan yaƙin duniya na biyu. Italiya ta ɗora haraji mai nauyi a kan duk injin da ya wuce lita 2, Ferrari ta fito da 208 mai inji ƙasa da lita 2, a 1982 ta ƙara masa turbo. A Jafan motocin da ba su wuce cc 660 ba suna biyan haraji kaɗan, kuma sun kai kusan kashi ɗaya cikin uku na sababbin motocin da ake sayarwa a can. Duk lambar da aka ɗora wa kuɗi, ita injiniya zai sa a gaba.

Birtaniya da Ailan: gyaran gangar Auzinawa

Birtaniya ta sauya sheƙa a ranar 1 ga Maris 2001. Motar da aka yi wa rajista kafin wannan rana har yau da girman inji take biya, mataki biyu kacal, ƙasa da cc 1549 ko sama da haka. Wadda aka yi wa bayan ranar kuwa da giram ɗin kabon a kilomita take biya, kuma daga baya duk wadda ba ta wuce giram 100 ba ta daina biyan ko sisi. Ailan ta bi sahu a watan Yulin 2008.

Tsarin ya yi aiki, ta fuskar cewa mutane sun canza abin da suke saye. Matsalar ita ce abin da suka koma saye. Injin dizal yana tafiya mai nisa da lita ɗaya fiye da na fetur, don haka lambar kabon ɗinsa a kilomita ta fi ƙanƙanta, harajinsa ya fi sauƙi. A Birtaniya motocin dizal sun tashi daga ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar na sababbin motoci zuwa kusan rabi. A Ailan sun tashi daga ƙasa da kashi ɗaya cikin uku zuwa kusan kashi 70 cikin 100 a 'yan shekaru.

A nan ne ya kamata a rarrabe abu biyu da kalmar hayaƙi ke haɗawa. Iskar kabon, wato CO2, ba ta da launi ko wari, kuma a yawan da take a titi ba ta cutar da huhu. Illarta ɗumamar duniya ce. Abin da ke sa tari da asma da ciwon zuciya daban ne: iskar naitirojin mai guba da ake kira NOx, da ƙurar baƙin hayaƙi mai shiga jini. Dizal ya fi fetur fitar da waɗannan. Gwamnatocin biyu sun ba jama'a rangwame don su sayi motar da ta ɗan rage wa duniya zafi, ta kuma ƙara wa yaran da ke bakin titi ciwon ƙirji. Sai a 2020 Ailan ta ƙara wani caji na musamman a kan NOx lokacin rajistar mota.

Matsala ta biyu ta baitulmali ce. Da motoci suka dinga sauka ƙasa da layin giram 100, kuɗin shiga ya dinga tsiyayewa. A kasafin 2015 ministan kuɗin Birtaniya, George Osborne, ya yi ƙorafin cewa nan da 2017 fiye da kashi uku cikin huɗu na sababbin motoci ba za su biya komai ba a shekararsu ta farko. Daga Afrilun 2017 aka mayar da lissafin kabon na shekarar farko kaɗai, bayan nan kusan kowa ya biya fam 140 a shekara, da ƙari a kan motar da farashinta ya haura fam 40,000. Daga Afrilun 2025 motocin lantarki ma sun shiga layin masu biya. Harajin da aka gina don ya canza hali, idan ya yi nasara, yana cinye kansa ne. Duk gwamnatin da ta kafa shi tana tsammanin rijiya ce da ba ta ƙafewa, za ta koma tana canza doka a kan mutanen da suka sayi mota bisa alkawarinta na farko.

Lambar da manhaja ke iya shiryawa

Matsala ta uku ita ta fi shafar masu karanta shafin fasaha. Ba a auna kabon ɗin mota a titi. Ana ɗora samfurinta a kan wasu naɗaɗɗun ƙarafa a ɗakin gwaji, a tuƙa ta bisa wani jadawali na gudu da tsayawa da kowa ya san shi tun kafin a fara, a tara iskar salansa a auna. Jarrabawa ce da aka ba ɗalibi tambayoyinta tun farkon zango.

A watan Satumban 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta bayyana cewa Volkswagen ta sa wa motocinta na dizal manhajar da ke gane lokacin gwaji. Tana duba ko sitiyari yana motsi, da yanayin gudu, da tsawon lokacin da inji ya yi a kunne, har da nauyin iskar wurin. Idan alamu suka nuna ɗakin gwaji ne, sai ta kunna na'urorin tace hayaƙi gaba ɗaya. Idan titi ne ta sassauta su, NOx ya kai har ninki 40 na abin da doka ta yarda. Motoci kusan miliyan 11 abin ya shafa a duniya. Duk wanda ya taɓa rubuta manhaja ya san wannan ba wani tsafi ba ne, sharaɗi ne na “idan kaza, yi kaza” da ɗan koyo zai iya rubutawa. Masu binciken jami'ar West Virginia ne suka gano shi, ta hanyar ɗaura na'urar awo a bayan mota su hau titi da ita.

Wannan badaƙalar ta NOx ce, amma lambar kabon ma ta sha nata gyaran fuska, kuma mafi yawansa bai saɓa wa doka ba. Ana hura taya fiye da ƙima, a liƙe ramukan jikin mota, a cika batiri kafin gwaji don kada inji ya wahala wajen caji, a kashe na'urar sanyaya ɗaki. Cibiyar ICCT, wadda ta ɗauki nauyin binciken da ya tona Volkswagen, ta nuna cewa tazarar da ke tsakanin lambar takarda da ta titi a Turai ta tashi daga kusan kashi 9 cikin 100 a 2001 zuwa kusan 42 a 2015. A daidai shekarun da aka ɗora wa lambar haraji ke nan.

Turai ta canza gwajin zuwa mai tsauri, WLTP, daga 2017. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne daga 2021 ta wajabta wa kowace sabuwar mota ta riƙa ajiye lissafin man da ta sha da nisan da ta yi a kwamfutarta. Rahoton farko da hukumar Tarayyar Turai ta fitar a 2024 daga waɗannan bayanai ya nuna motocin fetur da dizal suna fitar da kusan kashi 20 cikin 100 sama da lambarsu. Motocin da ake iya yi wa caji kuma a zuba musu fetur kuwa, nasu ya ninka lambar takarda sau uku da rabi, saboda gwajin ya ɗauka masu su suna yi musu caji kullum, su kuma da yawa ba sa yi. Waɗannan su ne motocin da suka fi kowa cin rangwamen haraji.

Abin da lambobin biyu suka manta

Kabon ɗin mota ba sirri ba ne. Kowace litar fetur da aka ƙona tana ba da kusan kilo 2.3 na CO2, ta dizal kusan 2.6. Ya fi nauyin man da kansa ne saboda kabon ɗin da ke cikin man yana haɗuwa da iskar oksijin daga waje. Babu tacewar da ke rage shi. Abin nan na cikin salansa da makanikai ke kira indomi, wanda ake yawan cirewa a sayar, gubar hayaƙi yake ragewa, ba ruwansa da kabon.

To a ɗauki misali. Jif mai shan lita 14 a kilomita 100, mai ita yana yin kilomita 3,000 a shekara, daga gida zuwa ofis zuwa ɗaurin aure: lita 420, ƙasa da tan ɗaya na kabon. Ƙaramar motar haya mai shan lita 8, tana yin kilomita 40,000: lita 3,200, sama da tan 7. Harajin shekara-shekara, na cc ne ko na giram, zai ce jif ce mai laifi. Sararin samaniya zai ce motar haya ce. Ma'auni ɗaya tilo da ke bin gaskiyar abin da aka ƙona shi ne mitar gidan mai, kuma babu manhajar mota da za ta yaudare ta.

Masana tattalin arziki da yawa a nan suke tsayawa, su ce a ɗora harajin kabon a kan lita a huta. A kan takarda suna da gaskiya. Amma misalin da ke sama ya nuna wanda zai biya: direban haya, daga shi kuma sai fasinjansa da mai kayan gwari da ya ɗauko. A Najeriya, tun da aka cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 1,000 a ƙarshen 2024. Saƙon da harajin kabon ke son aikawa, cewa mai yana da tsada a rage ƙona shi, ya riga ya isa kowane gida, har ya yi yawa. Dokar haraji ta 2025 ta tanadi ƙarin kashi 5 cikin 100 a kan fetur da dizal, wanda ba zai fara aiki ba sai ministan kuɗi ya ba da umarni. Shi ne ya fi kusa da harajin kabon na gaskiya a dokokin ƙasar, kuma shi ne ya fi cancantar a bar shi a aljihun tebur har sai an samu motocin haya na gwamnati da jiragen ƙasa da mutum zai koma wa.

Inda lambar kabon za ta yi amfani

Wurin da haraji ke iya canza wani abu ba tare da ya taɓa kuɗin motar talaka ba shi ne ranar da ake zaɓen motar da za a shigo da ita. Motar da ta sauka a Apapa ko Tema, ko ta biyo ta Kwatano, za ta yi shekara goma sha biyar ko ashirin tana shan mai a ƙasar. Caji ɗaya a bakin shigowa, wanda ke hawa da giram, shi ya fi dacewa. Afirka ta Kudu tana yin haka a kan sababbin motoci tun Satumban 2010, inda ta fara da rand 75 a kan kowane giram da ya haura 120. Wannan salon na biyan kowane giram ya fi na matakai, domin babu wani layi guda da za a yi dabarar tsayawa a ƙasansa da cc 9, kamar yadda injunan cc 1991 suke yi.

Za a ce ƙasar da ba ta da ɗakin gwaji ina za ta samu lambar. Ba ta buƙatarsa. Kowace mota tana da lambar shasi mai harafi da lamba 17, wato VIN, kuma hukumar kwastam ta Najeriya ta fara amfani da ita wajen ƙiyasta kuɗin fito tun 2022. Babban kaso na motocin hannu da ke shigowa daga Amurka suke. Hukumar kiyaye haɗurra ta can tana da rumbun intanet kyauta da ke fassara VIN zuwa samfuri da shekara da irin inji, gwamnatin ƙasar kuma ta buɗe bayanan shan mai na motoci tun daga samfurin 1984, kowa na iya saukewa. Lambobin Amurka ma sun fi na tsohon gwajin Turai kusa da titi, domin tun 2008 ake sa gudu mai yawa da sanyi da kunna na'urar sanyaya ɗaki a lissafinsu. Haɗa waɗannan rumbuna biyu da tsarin kwastam aiki ne da ƙaramar tawagar masu rubuta manhaja za ta iya. Motocin Turai da Jafan suna zuwa da nasu lambobin, sai dai a daidaita su da ma'auni ɗaya don kada wadda aka auna da gwaji mai sauƙi ta ci bulus.

Darasin Ailan yana nufin dizal ya samu nasa ƙarin, kada rangwamen kabon ya cika Kano da Legas da tsofaffin motocin da biranen Turai ke kora. Darasin motoci masu caji da fetur yana nufin a lissafa su da abin da suke sha idan batiri ya ƙare, musamman a ƙasar da wutar caji ba ta da tabbas. Faransa ta ƙara cajin nauyi a 2022 a kan motar da ta haura kilo 1,800, ta sauke layin zuwa 1,600 a 2024, saboda manyan motoci masu ƙaramar lamba a takarda sun yi yawa, kuma nauyi abu ne da sikeli ke tabbatarwa a minti ɗaya. Motocin jigila irin Sienna da Hiace kuwa, giram ɗinsu yana da yawa amma ana raba shi tsakanin mutum bakwai ko goma sha huɗu, don haka adalci shi ne a duba yawan kujeru idan za a yi musu rajistar haya.

Gubar hayaƙin tsohuwar mota, wadda aka cire wa indomi ko injinta ke shan baƙin mai, VIN ba zai nuna ta ba. Wannan aikin jami'an duba lafiyar mota ne, da na'urar da ake zura wa a bakin salansa sau ɗaya a shekara, kuma hukuncinsa gyara ne, ba wani sabon rasit ba.

Sharaɗin ƙarshe shi ne lissafin ya zama a buɗe. A wallafa kuɗin kowane giram, a faɗi shekarar da za a sake duba shi tun daga farko, a kuma buɗe shafin da dillali a Kaduna zai rubuta VIN na motar da ya gani a gwanjon Amurka ya ga abin da zai biya kafin ya tura dala ɗaya. Idan ya ga Camry mai batiri za ta rage masa kuɗin fito a kan mai silinda shida, ita zai ɗauko, wanda zai saya a hannunsa kuma zai riƙa zuba kusan rabin man da ya saba.